Mazauna Jamus, yaya kuka iske rayuwa tun da iskar gas ta Rasha ta yanke?

Baƙon Hamburg: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya samu gurbin karatu a nan, yana ta tambayata ko ƙasar tana nan yadda ake ba da labari. Ban so ya ji daga bakina ni kaɗai. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa daga 2022 zuwa yau.

Uwar 'yan biyu: Wa alaikumus salam, Malam. Ni takardar da suke ce wa Nachzahlung ce ta fara girgiza ni, wato cikon kuɗin ɗumama gida da ake aiko wa mai haya bayan shekara. Kafin yaƙin Yukiren fiye da rabin gas ɗin da Jamus ke shigowa da shi daga Rasha yake, sai ga bututun Nord Stream ya tsaya a ƙarshen Agustan 2022. Hunturun nan ɗaki ɗaya muka riƙa kunna wa ɗumi. Yara na kwana da safa da rigar sanyi, da asuba in tashi alwala in iske raɓa ta kwanta a gilashin taga, kusurwar bango ta fara baƙi. Amma gaskiya ɗaya ce, gwamnati ta tallafa. Maigidan ya samu yuro 300 a albashi, kuma a 2023 aka ƙayyade farashin kashi 80 na gas ɗin gida a kan santi 12 duk kilowat-awa. Ba don haka ba da mun ci bashi.

Ɗan Damagaram: Hajiya ta faɗi gaskiya. Abin da har yau ban yarda da shi ba shi ne rufe tashoshin nukiliya uku na ƙarshe a watan Afrilun 2023, ana cikin wannan hali, alhali kwal an ba shi wa'adi har 2038. A masana'antar da nake aiki an rage mana awanni, abokan aikina biyu aka sallame su. Tattalin arzikin ƙasar ma ja da baya ya yi a 2023 da 2024. Na san iska da rana da makamantansu sun kai fiye da rabin lantarkin da ake sha yanzu, kuma ina murna da hakan, sai dai magidanci takardar kuɗin wuta yake dubawa.

Ɗalibi a Stuttgart: Yaya, ka ce wa ƙanenmu ya duba jihar da zai je tukuna. Yawancin jami'o'in gwamnati ba kuɗin makaranta, amma a Baden-Württemberg tun 2017 wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba yana biyan yuro 1,500 duk zango. Ɗakin kwana kuwa, wata biyu na yi a kan kujerar wani bawan Allah kafin in samu. Tikitin yuro 9 na bazarar 2022, wato na hawa bas da jirgin ƙasa na wata guda, shi ne ya fara sauƙaƙa mana zirga-zirga, ya koma 49 a 2023, daga baya 58 a 2025.

Uwar 'yan biyu: Tunda an taɓo karatu, ni makarantar yara ta fi damuna. A jiharmu daga aji huɗu ake raba su, wannan hanyar jami'a, wancan hanyar sana'a. Yaro ɗan shekara goma, wanda Hausa yake ji a gida, an riga an auna shi da Jamusanci! Sakamakon jarrabawar PISA, wadda ake gwada ɗaliban ƙasashen duniya da ita, da ya fito a Disamban 2023 shi ne mafi ƙasa da Jamus ta taɓa samu zuwa lokacin, kuma ban yi mamaki ba, don sau da yawa 'yan biyuna kan dawo da wuri su ce malama ba ta da lafiya, babu mai maye gurbinta.

Baƙon Hamburg: Allah ya saka da alheri. Jami'arsa a jihar Hessen take, yanzu zan tura masa duka, ya fara neman ɗaki tun daga Kano.