Sun shafe mana bangonmu

Mai Buroshi: Jama'a, raina a ɓace yake. Zanen da matasa suka yi a dogon bangon bakin layinmu, an wayi gari an lafta masa farin fenti. Akwai tsohuwar nan mai keken ɗinki da tabarau a kan hanci, akwai yara na buga ƙwallo ba takalmi, a ƙasa kuma sunayen dattawan da suka rasu. Duk babu. Ni a ganina zanen bango shi ne fuskar unguwa, baƙo na gani ya san su waye a ciki. Sun shafe mana bangonmu, ko tambaya babu.

Alhajin Kwana: Bangonku? Kai ka sayi bulo ko kai ka biya magina? Bango na mai gida ne, yaro.

Mai Buroshi: Alhaji, ba takardar gida nake nufi ba. Abin da kullum muke wucewa muna kallo nake nufi.

Alhajin Kwana: To kallo ba ya zama mallaka. Ka ce bangon da muke gani, kada ka ce bangonmu.

Anti Malama: Alhaji, da girmanka, maganar ba nan ta tsaya ba. A birnin New York a da akwai wani gini da ake kira 5Pointz, mai shi da kansa ya ba masu zane izini. A 2013 ya sa aka shafe zanen da farin fenti cikin dare. A 2018 alƙali ya ce ya biya masu zane 21 dala miliyan 6.75, saboda dokar 1990 da ke kare aikin mai zane. Ginin nasa ne, amma abin da ke jikinsa ba nasa ba ne shi kaɗai.

Alhajin Kwana: Dokar Amurka ke nan, kuma masu zanen aka biya, ba 'yan kallo ba. Ina “mu” a nan?

Ɗan Asali: Tambayar ke nan. Su waye “mu”? Wanda ya kama haya bara shi ma ya ce unguwarmu?

Uwar Biyu: Haba Yaya! Ɗan haya ba mutum ba ne? Mu ke share layin, 'ya'yanmu ke wasa a gindin bangon. Masu gidajen rabinsu ma ba a nan suke kwana ba.

Ɗan Asali: Ban ce ba mutum ba ne. Na ce yau yana nan, gobe ya kwashe kayansa.

Uwar Biyu: Wa ke sa shi kwashe kayan in ba masu ƙarin kuɗin haya ba?

Alhajin Kwana: Ke, kada ki jawo maganar haya. Kin san abin da gyaran rufi ke ci?

Uwar Biyu: Wane gyara? Ruwa na zuba a ɗakina tun damina ta fara, na sa bokiti uku, mai gidan ko waya ba ya ɗauka.

Mai Buroshi: Don Allah a dawo kan zanen.

Injiniya: Ni ina bayan Ɗan Asali ta wani ɓangare. Ku dubi Belfast a Ireland ta Arewa. Kowane ɓangare na masu gaba da juna a garin ya zana nasa jarumai a bango, wasu da bindiga da fuska a rufe. Su ma “mu” suke cewa, amma wanda ba nasu ba in ya gani ya san ba a maraba da shi. Zane na iya haɗa mutane, yana iya zama shinge.

Anti Malama: Gaskiya ne, shi ya sa ake tambaya tun farko. A birnin Philadelphia na Amurka shirin zanen bango ya fara a 1984 don yaƙi da rubuce-rubucen banza a bango, yau zanen ya kai dubbai, kuma sai an zauna da mutanen layin kafin a taɓa buroshi.

Ɗan Asali: To su matasan nan sun zauna da wa?

Mai Buroshi: Kowa ya gani ana yi, ba wanda ya hana.

Injiniya: Shiru ba yarda ba ne, ɗan'uwa.

Uwar Biyu: Shi wanda ya shafe ya zauna da wa?

Alhajin Kwana: Mutum ba ya neman izini a kan kayansa. Kuma ke da ke maganar bokiti, ki biya haya kan lokaci ki gani.

Uwar Biyu: Alhaji, ka san ni ne? Ka janye wannan maganar.

Mai Kula da Zaure: Ya isa haka, zan rufe. Abin da na fahimta: yawanci sun yarda an zalunci matasan nan, kuma hujjar Anti Malama ba wanda ya iya ture ta. Masu cewa bango na mai gida ne ba su kawo komai ba sai maganar bulo. Batun Belfast bai shafe mu ba, tunda tsohuwa mai ɗinki aka zana, ba ɗan bindiga ba. Alhaji, ka ba Uwar Biyu haƙuri. Mai Buroshi, in kana da hoton zanen kafin a shafe, turo mana.