Yaron da bai fara magana ba, ta yaya zai nuna inda ke masa ciwo?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hassan ɗina, wata goma, ya kwana yana tsala kuka. Na ba shi nono ya ƙi, na goya shi ya ƙi, sai da safe a asibiti aka ce kunne ne. An ce ana koya wa jarirai alamar ciwo da hannu. Don Allah wadda ta gwada ta ba mu labari.

Anti daga Amurka: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. A gidan renon yara na fara gani. Alamar daga maganar hannun kurame ta Amurka aka ɗauko ta: ki miƙe manuniyarki biyu, ki sa bakinsu ya taɓa juna sau biyu, daidai wurin da ke ciwo. In kunne ne a gefen kunne, in ciki ne a kan cibiya. Linda Acredolo da Susan Goodwyn sun yi bincike a kan alamun jarirai a California tun shekarun 1980. Ana farawa daga wata shida, amma yawanci sai wata takwas ko tara yaro ke maido miki da ita.

Maman Mai Sikila: 'Yar uwa, ni abin nan ya share min hawaye. 'Yata tana da sikila, kuma kun san tun kafin su shekara hannu da ƙafa ke fara kumbura. Ban tsaya jiran babban ciwo ba. In ta yi tuntuɓe, ko ta buga goshi a ƙafar gado, sai in durƙusa mu haɗa ido, in yi alamar a wurin, in ce "ciwo, sannu". Ni ma in na ƙone a murhu ina yi a gabanta, har 'yartsanarta mun yi wa. Da farko tafi kawai take yi. Wata rana da asuba ta zo ta tsaya a kaina, ba kuka, ta haɗa 'yan yatsunta a kan gwiwa. Muka ɗura mata ruwa, muka lulluɓe ta, muka kama hanyar asibiti tun ciwon bai ci ƙarfinta ba. Ku dage, amma a lokacin da take tsakiyar kuka ba ta koyon komai, sai ta lafa.

Amaryar Bara: Ni Hajiyarmu ce ta hana, wai yaro zai saba da hannu ya ƙi magana.

Malamin Kurame: Ƙanwata, ki lallaɓa Hajiya. Shekaru ina koyarwa, kuma na ga 'ya'yan kurame masu ji: da maganar hannu suke tashi a gida, bakinsu kuma ya buɗe lafiya lau. Ke dai ki riƙa faɗin kalmar tare da alamar. Ai Hajiya da kanta ke koya wa jikoki ɗaga hannu su yi bai-bai.

Baban Auta: Namu ya gano duk sa'ad da ya yi alamar ana ɗaukarsa, sai ya riƙa yi ko lafiyarsa ƙalau. Ba mu daina dubawa ba. Mukan ce "ina ne?", in bai nuna wuri ba mu rungume shi kawai.

Nas: Abu ne mai kyau, amma kada a ce tunda bai yi alama ba lafiya yake. Yaron da jiki ya yi wa tsanani ba ya iya ɗaga hannu. In ya ƙi nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko jijjiga, ko numfashi sama-sama, a tafi asibiti nan take. Zazzaɓi kuma a yi gwajin maleriya kafin a ba shi maganinta.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai. Maman Mai Sikila, in Hussaini ya riga Hassan kamawa, kina ganin zai koya daga ɗan uwansa?