Da gaske za a iya dawo da dabbar da ta ƙare a duniya?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum. Tun watan Afrilun 2025 da kamfanin Colossal na Amurka ya ce ya dawo da wani ƙaton kyarkeci da ya ƙare fiye da shekara 10,000 da suka wuce, maganar ke ta yawo. Ina roƙon masana su fayyace mana yadda ake yi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne baƙar karkandar yammacin Afirka, wadda mafakarta ta ƙarshe ita ce arewacin Kamaru. An bi daji a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce ta ƙare. In akwai ƙahonta da fatarta a gidajen adana kayan tarihi, me zai hana a dawo da ita? Kuma yin hakan ya halatta?

Malamar Kimiyyar Gado:

Wa alaikumus salam, Malam. Komai ya rataya ne a kan abu ɗaya: ƙwayar halitta mai rai aka ajiye, ko busasshiyar gawa kawai ta rage?

In mai rai ce, ana iya yin kwafi irin wanda ya haifar da tunkiya Dolly a 1996. A samo ƙwan wata dabba mai kusancin jini, a zuƙe cibiyarsa da siririyar allura, a cusa ƙwayar dabbar da ake so, a haɗe su da ɗan bugun lantarki. In ƙwan ya fara rabuwa, a dasa shi a mahaifar uwar aro. Dolly kanta ita kaɗai ta fito daga ƙwai 277.

An gwada wannan a kan dabbar da ta ƙare, wato bukardo, akuyar dutse ta ƙasar Sifen. A 1999 aka kama ta ƙarshe, mai suna Celia, aka yanki ɗan fatar kunnenta aka daskarar. A Janairun 2000 bishiya ta faɗo mata ta mutu. Aka dasa 'yan tayi a jikin uwaye 57, guda 7 suka ɗauki ciki, ɗaya tak ta kai wa'adi. Ranar 30 ga Yulin 2003 aka ciro 'yar ta hanyar tiyata. Tana ta kokawar numfashi, cikin 'yan mintuna ta mutu. Da aka buɗe ƙirjinta sai aka tarar da wani ƙarin ɓangaren huhu mai tauri ya danne sauran. Dalilin irin wannan matsala shi ne ƙwayar fata ta riga ta saba da aikin fata. Dole ƙwan ya goge wannan sabo ya mai da ita kamar sabuwa, kuma sau da yawa gogewar ba ta cika. Shi ya sa mabiyya da huhu suke yawan zuwa da tawaya.

Ƙaho da fatar gidan tarihi kuwa ba su da ƙwaya mai rai. DNA ɗin cikinsu, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, ya kakkarye, gutsattsari ne da yawanci ba su kai harafi 100 ba, alhali cikakken littafin gadon dabba mai shayarwa ya haura harafi biliyan 2. Sai a jera gutsattsarin a kan na dangi mai rai don a gane mazaunin kowanne. To, duk inda dabbar ta fi bambanta da danginta, nan ne jerin ke ƙin zama. A 2022 an yi wannan da ɓeran tsibirin Kirsimeti: an samo kusan kashi 95 cikin 100, amma abin da ya ɓace ya haɗa da ƙwayoyin gadon jin ƙamshi da na garkuwar jiki.

Kyarketan Colossal ta wannan hanya ta biyu suka zo. An karanta DNA daga haƙori mai shekara 13,000 da ƙoƙon kai mai shekara 72,000, aka yi gyara 20 a ƙwayoyin gado 14 na kyarkecin yau, karnukan gida suka ɗauki cikin. Abin da aka haifa kyarkecin yau ne da aka sauya wa girma da gashi.

Likitan Dabbobin Dawa:

Malama ta gama da ɗakin gwaji, bari in ɗora da ɓangaren uwa, don nan wahalar take.

Malam, dubi farar karkandar arewa, wadda da can take yawo a Chadi, Sudan, Yuganda da Kwango. Namijin ƙarshe, mai suna Sudan, ya mutu a gandun Ol Pejeta na Kenya ranar 19 ga Maris 2018. Saura mata biyu, Najin da 'yarta Fatu, kuma babu mai iya ɗaukar ciki a cikinsu. Nan akwai ƙwai mai rai, akwai daskararren maniyyi, duk da haka aikin ya yi tsauri.

Don a ɗebo ƙwai, sai an yi wa dabba mai nauyin kusan tan 2 allurar barci. Ma'ajiyar ƙwanta tana can ciki, hannu ba ya kaiwa, sai a zura wata doguwar na'ura ta dubura, ana kallon hoton ciki a allo, a huda da allura a zuƙo ƙwan, ga manyan jijiyoyin jini a kusa. Daga nan a garzaya da shi ta jirgi zuwa Kiremona a Italiya, a cusa wa kowane ƙwai maniyyi guda. A 2021 aka daina ɗiba daga Najin saboda shekarunta da lafiyarta, kuma ina ganin daidai aka yi. An tara 'yan tayi sama da 30. A Janairun 2024 aka sanar cewa gwajin dasa ɗan tayin farar karkandar kudu a jikin wata irinta ya kama, amma ƙwayar cutar Clostridium ta kashe uwar bayan ruwan sama mai yawa, aka tarar da ɗan tayi namiji mai kwana 70 a cikinta.

Wannan ne ya sa maganar dawo da mamot, giwa mai gashi da ta ƙare tun zamanin da, take tayar mini da hankali. Giwar Asiya ce za ta ɗauki cikin, wata 22 take yi, ita ma tana cikin haɗarin ƙarewa, kuma giwa tana jimamin ɗanta in ya mutu. In aka samu asara irin ta bukardo, uwaye nawa za a sa a wannan hali?

Ma'aikacin Gandun Daji:

Likita, ko da an haifi ɗan karkandar lafiya, ina za a sake shi? Ba cuta ta ƙarar da ta Kamaru ba, masu farautar ƙaho ne, kuma kasuwar ƙahon tana nan. Sannan ɗaya ko biyu ba garke ba ne. Celia mace ce, duk kwafinta mata za su zama.

Abin da ya yi aiki a yankinmu ya fi wannan arha. Mariri, a 2000 aka ce ya ƙare a daji, amma akwai shi a killace. Daga 2016 aka riƙa kawo su daga Abu Dabi zuwa gandun Wadi Rime-Wadi Ashim a Chadi. A fara tsare su cikin babban shinge su saba da ciyawa da zafin wurin, a ɗaura musu abin wuya mai bin sawu ta tauraron ɗan adam, a zauna da makiyayan yankin, sannan a buɗe. Sun hayayyafa, har a Disambar 2023 aka cire su daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Raƙuman dawan Kure a Nijar ma sun ragu zuwa 49 a 1996, tsaro da haɗin kan manoma suka kai su sama da 600. Tsorona shi ne mahukunta su ji ana cewa ana dawo da dabba, su sassauta tsaron wadda ke raye.

Ɗalibin Fiƙihu:

Game da halacci, Malam: a zamanta na Jidda a 1997, majalisar fiƙihun Musulunci ta duniya ta haramta kwafin ɗan adam, ta halatta shi a dabbobi da tsirrai cikin iyakokin shari'a, matuƙar zai jawo maslaha ya kau da ɓarna. Kuma a lura, babu wanda ya raya matacce a nan. Da rayayyen ƙwai da rayayyar mahaifa ake aikin. Wurin da ya kamata a tsananta tambaya shi ne azabar da uwayen aro ke sha.

Malamar Kimiyyar Gado:

Yallaɓai na gandun daji, na yarda da kai, sai dai kada a zubar da fasahar gaba ɗaya. A Amurka akwai wata dabba dangin tunku mai baƙaƙen ƙafafu, kafin 2020 duk waɗanda ke raye jikokin guda 7 ne. A Disambar 2020 aka haifi kwafin wata da aka daskarar da ƙwayoyinta tun 1988, wadda ba ta cikin bakwai ɗin, aka samu sabon jini.

Don haka duk lokacin da aka kwantar da naman dawa don magani ko ɗaura abin wuya, a goge kunne da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yanki ɗan fata kamar ƙwayar wake. A sa shi a ruwan rainon ƙwaya mai maganin kashe ƙwayoyin cuta, a riƙe shi da sanyin digiri 4, a kai ɗakin gwaji cikin kwana biyu zuwa uku. Kada a jefa shi a firiza ta gida, ƙanƙara za ta farfasa ƙwayoyin. Kada a sa shi a sifirit, DNA zai tsira amma ƙwayar ta mutu. A can za a rene su su yaɗu, a gauraya da sinadarin DMSO, mai hana ƙanƙara fasa ƙwaya, kashi 10 cikin 100, a sauke sanyin da digiri 1 kowane minti har zuwa 80 ƙasa da sifili, sannan a mayar cikin ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili. A raba ajiyar a wuri biyu, don tulu ɗaya na iya ƙafewa.