Na koma Linux Mint a shagona: in saka antibairos ko in bar ta haka?

Abban Yusra: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi kusa da wata makaranta. Kwamfutata tsohuwa ce, Windows 10 ke kanta, ga shi tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta, Windows 11 kuma ta ƙi hawa saboda babu TPM 2.0, wani guntun tsaro da take buƙata a cikin kwamfuta. Sai mai gyara ya sa mini Linux Mint, wani tsarin kwamfuta da ke maye gurbin Windows. Aiki na tafiya, firinta ta karɓa, LibreOffice na buɗe takardun Word. Amma da na ce ya sa mini antibairos, cewa ya yi Linux ba ta kamuwa, in manta da zancen. Ni kuwa wuni ake ana soka mini filashi, kuma da ita nake shiga imel da asusun banki. Ga takardun mutane a ciki: sakamakon jarrabawa, hoton fasfo, takardar haihuwa. Amana ce. Don Allah gaskiya ne ba ta kamuwa?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Abban Yusra, mai gyaranka ya faɗi rabin gaskiya. Bairos ɗin da aka rubuta don Windows ba ya tashi a Linux, ko ka danna shi sau goma. Sannan masu Linux a kwamfutar gida ko ta ofis ba su wuce kashi 4 cikin 100 ko makamancin haka ba, shi ya sa masu rubuta bairos suka fi karkata inda jama'a suke. Uwa uba, tsarin kansa: manhajoji daga Software Manager ake sauke su, an tantance su da sa hannun masu rumbun, kuma babu abin da zai taɓa cikin tsarin sai ka buga kalmar sirrinka.

Amma a ce ba ta kamuwa sam, wannan kuskure ne. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin raba intanet, masu gudana a kan Linux, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga kamfani. A Maris 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya gano ƙofar ɓoye da aka dasa a XZ Utils, manhajar matse fayiloli da ake amfani da ita a Linux, sigogin 5.6.0 da 5.6.1, Allah ya taimaka ba ta kai ga tsayayyun sigogin da yawancin mutane ke amfani da su ba. Ka lura, a duka biyun ba antibairos ne maganin ba. Ɗaya canza kalmar sirri, ɗaya sabuntawa.

Don haka ni ba zan ce ka sayi komai ba. Akwai 'yar garkuwa a ƙasan allo ta hannun dama, Update Manager ke nan, mai sabunta tsarin. Duk ranar da ta nuna alama, ka bari ta gama. Ka shiga saiti ka kunna Firewall, katangar da ke tare masu kutse ta intanet, don a kashe take zuwa. Kuma kada ka kwafo umarni mai farawa da sudo, kalmar da ke ba shi ikon taɓa dukan tsarin, daga wani bidiyo ka liƙa alhali ba ka san aikinsa ba. Wannan shi ne ka miƙa wa ɓarawo mukulli da hannunka.

Maman Sadik: Injiniya, da kwamfutar ɗakinsa ce da ban ce uffan ba. Amma shago ne fa. Bairos ɗin ba zai cutar da tasa ba, amma yana nan kwance a cikin fayil. Ɗaliba ta kawo filashi, ya kwafi aikinta, gobe ya tura wa wani ta imel ko ya zuba a filashin wani, can ya je ya tashi a Windows. Sunan wa zai ɓaci? Ni shawarata ya sauke ClamAV, kyauta ce, tare da ClamTk don ya riƙa dannawa ba sai ya buga umarni ba. Ba ta kama komai da komai, kuma ba ta tsaye tana gadi kamar ta Windows, sai ka ce mata duba. Duk da haka, duba filashi kafin a kwafi abu ya fi a bar shi haka.

Injiniya: Na yarda, Hajiya. Ta fuskar kare kwastoma kin fi ni gaskiya.

Ɗan Damagaram: Yaya, ka tambayi mai gyaran daga ina ya samo Mint ɗin. A Fabrairu 2016 an kutsa shafin Linux Mint aka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen kwafin sigar Mint mai suna 17.3 Cinnamon. Masu shafin sun sanar da gaggawa, kuma har yau suna ba da lambar SHA256, wadda ke nuna ko an taɓa fayil, don kowa ya gwada abin da ya sauke. In ba a gwada ba, kuma ba a san asalinsa ba, gara a sake sakawa tun aiki bai taru ba.

Malam na Tudun Wada: Masu Mac, kwamfutar Apple, ma sun riƙa cewa tasu ba ta kamuwa, sai muguwar manhajar Flashback ta kama kimanin kwamfutoci 600,000 a 2012. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne bankin da ka ambata. Shafin bogi ba ruwansa da Linux ko Windows. Saƙo zai zo wai an rufe asusunka, ka danna, ka zuba lambobinka da kanka. Ka buɗe wa shago asusu daban a kwamfutar, marar ikon sudo, wanda yaranka da kwastoma za su zauna a kai. Naka na banki ka riƙe kai kaɗai, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel, wato a nemi wata lamba daga wayarka bayan kalmar sirri, kada ka tara wa burauza ƙananan manhajojin ƙari (extensions) da ba ka sani ba. Wine kuma, mai tayar da manhajojin Windows, in babu larura kada ka saka, don tana iya tayar da mugun fayil ma.

Abban Yusra: Allah ya saka da alheri. Zan kira mai gyaran kan maganar asalin kwafin. Saura abu ɗaya. Yau wani yaro ya kawo filashi yana kuka wai a kwamfutar gidansu foldoji duk sun koma shotkot. Da na soka a tawa sai na ga foldojinsa lafiya, ga kuma wasu fayiloli masu ƙarewa da .lnk da .vbs. In goge su?

Maman Sadik: Su ne bairos ɗin, ɗan uwa. Ɓoye foldojin ya yi, Linux kuwa ba ta bin wannan alamar ɓoyewar, shi ya sa ka gan su. Gogewa kaɗai ba ta isa ba, don zai koma gida ya tarar har yanzu a ɓoye suke. Ka kwashe takardunsa na gaske zuwa folda ɗaya, ka duba ta da ClamAV, ka nemi izininsa ka yi wa filashin fomat, sannan ka mayar masa. Ka gaya masa kwamfutar gidansu ce ke ɗauke da cutar, in ba a wanke ta ba zai dawo da irinta.

Injiniya: Ƙari ɗaya: Timeshift da ke cikin Mint tsarin kwamfuta take adanawa, ba ta ɗaukar takardunka sai an saita ta. Ka nemi hard disk na waje ka riƙa kwafe aikin shago duk ƙarshen mako, ka zare shi in ka gama. Takardun kwastoma kuwa, da zarar mai su ya karɓi aikinsa, ka goge.