Motar da ke shan mai kuma take shan wuta: me za mu kira ta?

Jama'a, ina neman taimakonku a kan suna. Shekara guda ke nan da na sayi jif ɗin da nake kai yara makaranta da ita, Mitsubishi Outlander ƙirar 2015, 'yar Kwatano, amma har yau in aka ce min "wace iri ce?" sai na tsaya dogon bayani. Masu ita suna ce mata plug-in hybrid, a jikinta kuma an rubuta PHEV. Ko ɗaya bai zauna a bakin Bahaushe ba.

Ranar da na fara kai ta gida, Hajiya tana zaune a kan tabarma a tsakar gida ta ga na jawo igiya daga but na soka a bango, ɗaya bakin kuma na soka a ƙugun motar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Auta, ita ma caji ake mata kamar waya? To man da ka tsaya ka sha a hanya fa?" Na ce duka biyun take ci, Hajiya. Ta ce, "Ashe ruwa biyu ce." Tun ranar maganar ta tsaya min a rai.

Kafin mu yanke, a fahimci abin da ake raɗa wa sunan, don iri uku ne kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai mai lantarki zalla, wadda ba ta da inji ko tankin mai. Akwai wadda makanikai ke ce wa haibirid, irin Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997: tana da inji da ɗan ƙaramin batir, amma ba a jona ta da wuta, injin da birki ne ke cika batirin. Sai tawa, ta uku. Batirinta babba ne, yana kwance a ƙarƙashin motar, kuma tana da murfi biyu a baya, na hagu na fetur, na dama na wuta. Kamfanin BYD na Sin ne ya fara fitar da irinta kasuwa a ƙarshen 2008, Outlander kuma ta biyo a 2013, ita ce jif ta farko a wannan sahu.

In na jona ta a soket ɗin gida, wajen awa biyar take yi ta cika. Tawa da batirinta ya kwana biyu tana ba ni kamar kilomita 30 kafin injin ya tashi, kuma wannan ya ishe ni makaranta da ofis da dawowa. Da safe haka take fita daga gida shiru, sai ƙarar taya a kan tsakuwa, har sai na yi hon saboda yaran layi. In tafiyar Kaduna ta kama, fetur ya karɓa, ba ruwana da neman wurin caji a hanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, amma fa sai in an kawo wuta da dare. Makon da aka yi duhu, fetur nake ƙonawa ina jan batir mai nauyi a banza.

To ga sunayen da aka kawo min.

Wani abokina ya ce "mai baki biyu", saboda murafen nan. Hoton ya fito sarai, sai dai mai baki biyu a Hausa mun san wane ne, mutumin da ba ya tsayawa a kan magana ɗaya. Ba zan so a kira motar iyalina da sunan munafuki ba.

Wata 'yar'uwa ta ce "jemage". Na ƙi, don jemage shi ne wanda bai zama tsuntsu ba bai zama dabba ba, ita kuwa wannan ta cika duka biyun.

"Tagwaye" ma an ambata, amma tagwaye kamanni suke nunawa, inji da batir kuwa ba su yi kama ba.

Makanikena ya ce, "Alhaji, ka ce mata mai caji kawai, kowa zai gane." A gareji wannan ya wadatar. Matsalar ita ce mai lantarki zalla ita ma caji ake mata, har Prius tana cajin kanta tana tafiya. Sunan bai raba su ba, kuma wanda zai zuba miliyoyinsa yana bukatar sunan da zai raba.

Shi ya sa na koma kan maganar Hajiya. Ruwa biyu kalma ce da muke da ita tun tuni ga wanda ya haɗa jini biyu, uba daga nan uwa daga can, kuma ainihin ma'anar haibirid ke nan. Na san wani zai ce motocin da ake mayarwa masu gas da fetur yanzu su ma ruwa biyu ne. Ina ganin a'a. Inji ɗaya ne da su, abincinsa kawai aka sauya, kuma "mai gas" ta riga ta bi su. Tawa abin da ke juya tayarta ne iri biyu.

Saura abin da zai raba ta da Prius, kuma kalmar tana bakinmu kullum: jona. Jona min waya, an jona wuta, jona ta da janareto. Abin da nake yi wa motar nan kowane dare ke nan, kuma shi ne abin da ba a yi wa waccan.

Shawarata ita ce haibirid ta zama ruwa-biyu, irin tawa ta zama ruwa-biyu mai jona, wadda ba ta shan mai kuma a bar ta a mai lantarki zalla. Na gwada a gidan mai jiya, da yaron da ke zuba mai ya nufi murfin dama da bututunsa. Na ce, "Ɗan'uwa, ruwa-biyu ce mai jona, wancan na wuta ne." Bai tambaye ni komai ba, ya zagaya hagu.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke jin sunayen motoci ta bakin Faransanci, ina son in ji ko ta zauna muku a baki.