Neman shawara: Pico, Arduino ko ESP32 don ban ruwa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka. Ni ɗalibi ne daga wani ƙauye gefen Haɗeja. Baba yana noman rani a fadama, albasa da tumatir, kuma tunda yayana ya tafi ci-rani Legas ban ruwa ya dawo kaina, ga makaranta. Kawu ne ya ba ni 'yan kuɗi, ya ce in aka cire albasa bai ga abin da na yi da su ba, kada in ƙara tararsa da maganar kwamfuta. So nake in haɗa abin da zai gane ƙasa ta bushe ya tayar da ruwa da kansa. Na ga cikin ƙananan bod ɗin kwamfuta da ake irin wannan haɗin da su, Raspberry Pi Pico dala 4 ne, duk ya fi araha. Har na yi magana da wani mai shago a Kano. In tura kuɗin?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, dala 4 farashin kamfani ne tun fitowarsa a 2021. Kafin ya iso hannunka akwai canji, kuɗin jirgi, ribar mai shago da kuɗin mota daga Kano. Kuma tsirara yake zuwa, ƙafafunsa kai za ka liƙa da dalma, ba shi da Wi-Fi sai Pico W, ga shi volt 3.3. Ka lissafa sensar da za ta auna damshin ƙasa, rile (makunnin da bod zai tayar da famfo da shi), batir, sola da akwatin da zai kare shi daga ƙura? Bod ɗin ƙaramin kaso ne kawai a lissafin. Bod ɗin ESP32 za ka saya, Wi-Fi da Bluetooth duk a jiki. Magana ta ƙare.

Malamar kimiyya: Injiniya, ai ESP32 ma volt 3.3 ne. Kuma Wi-Fin wa zai kama a fadama? Ɗana, nemi kwafin bod ɗin Arduino Uno. Volt 5 ne, rilen kasuwa da yawa suna tafiya da shi kai tsaye, darussansa sun cika intanet. Manhajar CH340 kawai za ka sa a kwamfuta don ta gane bod ɗin.

Mai gyaran waya: Ni dai sensa ce ta ci min kuɗi. Na sayi mai ƙafa biyu ɗin nan mai araha, tsatsa ta cinye ta a ƙasa. Wanda ya sayar min ya daina ɗaukar wayata, wai kaya in sun fita sun fita. Allah Ya isa.

Injiniya: Malama, Uno mai ƙwaƙwalwar aiki kilobait 2? Wannan kayan aji ne. In babu Wi-Fi ya sa SIM800L, ɗan bod mai ɗaukar layin waya, ya riƙa samun tes. Sai dai yana fizgar wuta har amfiya 2, sai batir mai ƙarfi.

Malamar kimiyya: To ka ga ka ƙara masa kuɗi ke nan.

Mai tambaya: Na gode, amma ni ba na buƙatar tes. Pico yana karɓar yaren kwamfuta na Python, shi na ɗan iya. Dalma kuma akwai abokina. Kuma na riga na ce wa mai shagon ya ajiye min.

Baban Ummi: Yaro, injin naku famfon sola ne ko na fetur mai igiya? In na igiya ne, wane bod ne zai ja maka ita?

Mai tambaya: Na fetur ne, Baba, amma Kawu ya taɓa maganar sola. Yanzu dai Pico ko Pico W?

Injiniya: ESP32.