Rigar Siliki: Musayar Waƙa Kan Naɗin Babban Lauya

Akawun Ofis:
Assalamu alaikum ma'abota alƙalami. Jiya muka dawo daga Abuja, an rantsar da maigidana cikin sabbin masu lambar SAN, wato Babban Lauyan Najeriya, masu sa rigar siliki a kotu. Shekara 14 ina ɗaukar masa fayil. A mota waɗannan baitoci suka zo min. Amsa-amon "ki" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah na fara, Sarki mai ba da mulki,
Shi ke ɗaga wanda ya so a fagen aiki.

Jiya a Kotun Ƙoli na ga abin mamaki,
Maigida ya tuɓe ta auduga, ya sa ta siliki.

Alƙalin Alƙalai da kansa ya jagoranci biki,
Kwamitinsa ne ya tace, ya auna, ya ba da maki.

In ba ka shekara 10 da zama lauya ba, ja birki,
Sunanka ba ya shiga takarda, ka rage ɗoki.

Hukunci 20 na babbar kotu za su bi ciki,
5 na ɗaukaka ƙara, 4 na Ƙoli, duka na kirki.

Yanzu kujerar gaba tasa ce, babu mai tsaki,
Ƙararsa ake fara kira kafin ta kowa a ɗaki.

Ni mai huda fayil, in zura zare kamar mai ɗinki,
Da hannun riga na share hawaye, murna fal ciki.

Ɗan Kongo:
Barka da arziki Akawu, na karɓi amon "ki",
Mu da muka yi karatu a Zariya, tarihi ne namu aiki.

A 1975 aka fara ɗinka wannan siliki,
Rotimi Williams da Graham-Douglas suka buɗe ɗaki.

Daga Ingila aka kwaso, lauyan Sarauniya ko na Sarki,
Muka sauya masa suna, muka riƙe hular gashin doki.

Folake Solanke a 1981 ta shigo ciki,
Mace ta farko, ta sa masu gardama sun rufe baki.

Da shekara ta zagayo, Abdullahi Ibrahim, dattijon kirki,
Ya buɗe wa Arewa ƙofa, na baya suka bi da ɗoki.

Ƙaramar Lauya:
Yaya Akawu, ina taya ku murna har zuciya. Ni ma a babban ofis nake a Legas, ku bar ni in faɗi ta ƙanana.

Chambers da Legal 500, masu auna lauyoyi, daga Landan suke ba da maki,
Su tambayi masu hulɗa da kai, kamfanin mai ko banki.

In oga ya fito a sahun farko, ofis ya ɗau biki,
A buga hotonsa a jarida, a raba kek ɗaki-ɗaki.

To wa ya kwana kan kwamfuta, shayi ya huce, sanyi a jiki?
Wa ya tsinto saɗara ɗaya da ta taka wa asara birki?

Ba hassada ba ce, oga ya cancanta, ya sha aiki,
Shi ya koya min tsayuwa gaban alƙali ba rawar jiki.

Roƙona a tuna da mu ran albashi, ba sai ran biki.

Inna Mai Ƙosai:
'Ya'yana ku yi haƙuri, ban iya "ki" ɗinku ba. Jikana ke rubuta min, da nawa amon na zo.

Ɗana na gidan gyaran hali, yana zaman jira,
Wata 30 ke nan ba a saurari ƙara.

Kullum a ɗage, bana ta koma tamkar bara,
Na sai da akuya, na sai da gado, na sai da sutura.

Ran ziyara nakan kai ƙanzo da ƙuli a leda fara,
Ya ce, "Inna, yaushe?" In ce gobe, hawaye ya fara.

Masu siliki, ku da ake fara ji in an yi kira,
Wa zai tsaya wa marar gata, marar kuɗin tara?

Ɗan Kongo:
Inna, kin sa jikina ya yi sanyi. Na ajiye nawa amon, na bi naki.

An yi Gani Fawehinmi, mai kai gwamnatin soja ƙara,
A kulle shi, ya fito, ya sake ɗaura ɗamara.

Siliki ya yi ta tsallake shi shekara bayan shekara,
Ɗaliban jami'ar Ife suka naɗa shi Lauyan Talakawa, ba takara.

Sai 2001 SAN ta iso, jama'a sun riga sun fara.

Irin ɗanki sun fi rabin gidan yari, duk masu jira,
Akwai Legal Aid tun 1976, kyauta suke tsayawa kan ƙara.

Akawun Ofis:
Inna, bayan Azahar na karanta wa maigida baitocinki. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ba ni saƙo.

Cikin sharuɗɗan SAN akwai shari'ar kyauta, ba kwabo ciki,
Ya ce ba don riga kaɗai ya yi su ba, yanzu aka fara aiki.

Ki aiko lambar ƙara da sunan kotun da take ciki,
Da ranar kamu, da takardar tuhuma in tana hannunki.

Ban ce gobe zai fito ba, alƙali ke da ikon saki,
Amma Litinin da ƙafata zan je rajista neman fayil ɗin ɗanki.

Ƙanwata ta Legas, mu ma muna da ƙanana irinki,
A gabansu na karanta masa naki, ya saurara ba tsaki.

Ƙaramar Lauya:
Yaya, in fayil ya fito ka turo, dare ɗaya ya ishe ni aiki,
Takardar neman beli ni zan rubuta, Inna, ba na karɓar sisinki.

Inna Mai Ƙosai:
Allah ya yi muku albarka, ya raya muku zuri'a. Takardar tana cikin kwalla a ƙarƙashin gado. In yaron ya dawo daga Islamiyya zai ɗauki hotonta ya tura wa Akawu.